Kuɗin Kai Sammaci: Na Rasit da Na Hannu

Shari'a ba ta zama da gindinta sai an kai wa wanda ake ƙara sammaci, wato takardar da ke sanar da shi abin da ake nema a kansa da ranar da zai bayyana, domin hukuncin da aka yanke wa mutumin da takarda ba ta riske shi ba, kotun ɗaukaka ƙara na iya rushe shi. Saboda haka masinjan kotu mai kai takardar, duk da ƙanƙantar muƙaminsa, yana da ikon gaggauta ƙara ko jinkirta ta.

A Nijeriya masinjan babbar kotu ma'aikaci ne mai albashi a ƙarƙashin babban magatakarda, kuma tushen aikinsa wata doka ce ta 1945 da ta tsara isar da takardun kotu da zartar da hukunci. Kuɗin kai takarda yana cikin jadawalin da ke tare da ƙa'idojin kotu, waɗanda babban jojin jiha ke fitarwa bisa sashe na 274 na tsarin mulkin 1999. A ƙa'ida ana biya ne a wurin akawu, a karɓi rasit, kuɗin ya shiga asusun gwamnati.

Sai dai jadawalin yakan shekara da shekaru ba a waiwaye shi ba, alhali kuɗin sufuri ya yi tashin gwauron zabo tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, ga shi abin da aka biya da rasit ba aljihun masinja yake shiga ba, balle ya hau babur da shi zuwa ƙauye. A nan ake samun abin da ake kira kuɗin mota, wanda ba shi da iyaka kuma ba shi da rasit, har ta kai takardar ɗan kasuwa ta isa a ranar da aka sa mata hannu, ta matar da ta zo neman ciyarwar 'ya'yanta kuwa ta yi makonni cikin fayil. Ɗora laifin kacokan a kan masinja bai cika adalci ba, tunda ba a ware masa guzurin tafiyar ba.

Nijar kuwa ta gaji tsarin Faransa, inda mai isar da takardun yake da ofishin kansa, ba ya cin albashin gwamnati, ladan aikinsa kuma hukuma ce ke ƙayyade shi, kuma wajibi ne ya rubuta adadin a jikin takardar, ta yadda mai ƙara zai iya gwada shi da farashin doka.