Babi na 7: Musayar Bayanan Majinyaci Tsakanin Ma'aikatan Asibiti

Majinyacin da aka kwantar a asibiti hannaye da yawa ne ke kula da shi. Likita ke gano cuta ya rubuta magani, nas ke bayarwa a kan lokaci tana auna zafin jiki da bugun jini, ma'aikacin ɗakin gwaji ke duba jini da fitsari, mai harhaɗa magunguna kuma shi ya san wane magani ba ya jituwa da wane. Kowannensu da gefen da yake gani, sai an haɗa saninsu ake gane ainihin halin da majinyaci yake ciki.

A ce ana yi wa wani dattijo allurar jentamaisin, maganin ƙwayoyin cuta mai iya taɓa ƙoda. Cikin dare nas ta lura fitsarinsa ya ragu, gwajin jini ma ya nuna ƙodar ta soma gajiya. In labaran biyu suka riski likita lokacin zagayen safe, sai a rage allurar ko a sauya ta. In kuwa nas ta tashi aiki ba ta faɗa ba, takardar gwajin kuma ba ta shiga fayil ba, ƙodar dattijon ce za ta ji jiki.

Shi ya sa ake tsoron lokacin miƙa aiki. Asibitoci da dama na bin tsarin SBAR, wanda aka aro daga sojojin ruwan Amurka: mai miƙawa ya faɗi abin da ke faruwa yanzu, da tarihin ciwon, da fahimtarsa, da shawararsa. Wani bincike da aka wallafa a 2014 a kan asibitoci 9 na Amurka da Kanada ya nuna kurakuran jinya sun ragu da kashi 23 cikin ɗari bayan an tsara miƙa aiki baki da baki da kuma a rubuce. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da jerin tambayoyi na ɗakin tiyata: kafin a sa wuƙa, kowa ya faɗi sunansa da aikinsa, a tabbatar da majinyacin da wurin da za a yanka.

A asibitocinmu, ɗan'uwa mai zaman jinya ma yana cikin wannan aiki na musayar bayanai, domin sau da yawa shi ke karɓo sakamakon gwaji. Wajibi ne ya miƙa shi nan take, ya kuma faɗi duk jiƙo ko ƙwayar da aka sha a gida, ko da ba a tambaye shi ba.