Me ya sa waya ke nuna sabis amma kira ba ya fita?

Sau da yawa mutum kan ga layukan sabis sun cika a fuskar wayarsa ta salula, amma da ya buga kira sai ya katse, ko ma wayar ta mutu ɗungurungum.

Dalili kuwa shi ne, aiki biyu waya ke yi: tana sauraron turken kamfanin sadarwa, tana kuma aika masa da saƙo. Layukan nan, ƙarfin abin da take ji kaɗai suke nunawa.

Ƙarfafa saƙon da za a aika aikin wani ɗan ƙaramin ɓangare ne da masu gyara ke kira PA. A tsarin GSM, wanda ya fara aiki a Nijeriya a shekarar 2001, ƙarfin da waya ke fitarwa yana iya kaiwa wat 2, kuma a gutsure take aikawa, kimanin sau 217 a daƙiƙa guda.

Wannan ne ke haddasa ƙarar nan da ake ji a akwatin rediyo idan an kira wayar da ke kusa da shi. Tsofaffin masu gyara kan saurari ƙarar don tabbatar da cewa waya na aikawa, sai dai dabarar ba ta aiki a tsarin 4G.

A kasuwanni irin su Farm Centre da ke Kano, ƙwararren mai gyara yakan fara ne da jarraba wani layin, sannan ya umarci wayar ta lalubo kamfanonin da ke kusa. Idan ta jero sunayensu amma ta kasa shiga nata, to kunnenta lafiya lau, ɓangaren aikawa ne abin zargi.

To amma ba kullum ne laifin ke wuyan PA ba. Yana zuƙar wuta sosai a lokacin kira, don haka batirin da ya gaji kan kashe waya. Faɗuwa kan tsinke dalmar da ke riƙe da shi, ruwa kuma kan sa tsatsa a mahaɗar eriya.

Shi ya sa ya kamata mai waya ya nemi a gwada sabon batir kafin ya amince a sa wa injinta zafi, domin iskar da ake narka dalma da ita na iya ƙona sassan da ke maƙwabtaka da PA ɗin.