Gandun Dajin Sundarbans, Inda Teku ke Shiga Daji Sau Biyu a Rana

Sundarbans shi ne daji mafi girma a duniya cikin dazuzzukan da itatuwansu ke tsirowa a ruwan gishiri na bakin teku. Yana can inda kogunan Ganges da Brahmaputra da Meghna ke zuba a Tekun Bengal, faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 10,000. Kusan kashi 60 cikin ɗari yana Bangladesh, ragowar kuma a jihar Bengal ta Yamma ta Indiya. Hukumar UNESCO ta sanya ɓangaren Indiya cikin wuraren gado na duniya a 1987, na Bangladesh kuma a 1997.

Babu hanyar mota a cikinsa. Maziyarci a ɓangaren Bangladesh yakan hau jirgin ruwa daga Khulna ko Mongla, bayan ya karɓi takardar izini daga hukumar gandun daji, kuma malaman daji masu bindiga ne ke raka shi. Mai gaggawa yakan tsaya a Karamjal, kusa da Mongla, inda ake kiwon kadoji. Mai son ganin ainihin dajin sai ya kwana a jirgi har ya kai Kotka ko Hiron Point. An fi zuwa tsakanin Nuwamba da Fabrairu, lokacin da damina ta wuce, zafi ya sauka.

Komai a nan da cikar teku yake tafiya. Sau biyu a rana ruwa kan hauro ya shanye gindin itatuwa, sannan ya janye ya bar taɓo mai santsi. A cikin taɓon nan babu iskar da saiwa za ta shaƙa, don haka itatuwa irin su sundari ke turo saiwoyinsu sama, su fito tsaitsaye kamar turakun ɗaure awaki, dubbai a jere, har mutum ya rasa inda zai sa ƙafa. Da ruwa ya janye sai ƙaguwa su fito daga ramukansu, ga kuma wani ɗan kifi mai idanu a saman kai da ke jan ciki a kan laka, yana tsalle daga wannan kududdufi zuwa wancan. Direban kwalekwale da bai san lokacin janyewar ruwa ba, a taɓo zai wuni.

Damisar Bengal ita ce ta sa sunan dajin ya yi nisa, amma kaɗan ne cikin baƙi ke ganinta. Abin da aka fi gani shi ne sawunta a kan laka, sabo, ruwa bai riga ya shafe shi ba. Ta ƙware wajen iyo, tana tsallake manyan rafuka. Barewa mai ɗigo-ɗigo da birai kuwa ana ganinsu a yalwace, sau da yawa tare: biran na kakkaɓo ganye daga sama, barewar na ci a ƙasa.

Mutanen da ke zaune a gefen dajin suna shigarsa ne don neman abinci, da ransu a hannu. Akwai masunta, da masu yankar ganyen golpata na rufin ɗaki, da masu ɗiban zuma da ake kira mawali, waɗanda ke shiga daga watan Afrilu su kori ƙudan da hayaƙi. A ɓangaren Indiya an taɓa gwada ɗaura fuskar roba a ƙeya, saboda damisa ta baya take kai hari. Dabarar ta yi aiki na ɗan lokaci kafin dabbar ta gane.

Dajin garkuwa ne ga garuruwan da ke bayansa. Guguwar Sidr ta 2007 da Amphan ta 2020 sai da suka ratsa itatuwan kafin su isa ga jama'a, ƙarfinsu ya ragu. Babbar barazanar da ke cinsa a hankali ita ce gishiri. Tun da Indiya ta fara aiki da madatsar ruwa ta Farakka a 1975, ruwan daɗi da ke gangarowa da rani ya ragu, na teku kuma yana ƙara kutsawa ciki. Itacen sundari ba ya jure gishiri mai yawa, shi ya sa a wurare da dama ake ganin ya fara bushewa daga sama.