Etel Adnan a Zauren Van Gogh

Daga watan Mayu zuwa Satumba na 2022, gidan adana ayyukan Van Gogh da ke Amsterdam, a ƙasar Holan, ya rataye zane-zanen wata marubuciya 'yar Labanan, Etel Adnan, daura da na maigidan, wanda ya rasu tun 1890, wato shekara 35 kafin a haife ta. Ma'abota wannan fanni kan yi irin wannan haɗi ne don jarrabawa, saboda marubucin da ya taɓa zane galibi sunansa ake kallo, alhali kuwa in an jingina aikinsa da na gwani, babu sauran shaida sai ta ido.

An haife ta a Bairut a 1925, mahaifinta Musulmi ne mutumin Dimashƙa, hafsa a rundunar sarkin Turkawa, mahaifiyarta kuwa Kirista ce Bagirkiya daga Izmir, don haka ta tashi tana jin Turkanci da Girkanci a gida, Larabci a titi, Faransanci a makarantar 'yan mishan. Bayan ta karanta falsafa a Faris ta ƙaura Amurka, inda ta karantar da falsafar a Kaliforniya daga 1958 zuwa 1972. A nan ne, da yaƙin Aljeriya ya tsananta, zuciyarta ta ƙi rubutu da Faransanci, harshen masu zaluntar Larabawa, ga shi kuma ba a koya mata Larabcin da za ta yi talifi da shi ba, sai ta nemi mafita wajen launi.

Yadda take aiki abin lura ne. Takan shimfiɗa ƙyallen zane a kan tebur kamar mai shirin rubuta wasiƙa, ta matso fenti daga kwalinsa ba tare da ta cika gauraya shi ba, ta shafa shi da 'yar wuƙa, ja nan, rawaya can, har siffar dutsen Tamalpais da take hangowa ta tagar ɗakinta ta bayyana, yawanci a zama guda. Tana kuma da wasu littattafai masu ninki, irin na Japan, waɗanda in an warware su sukan miƙe zira'i da yawa, ta kwafe ƙasidun sha'irai Larabawa a ciki, irin su Badr Shakir al-Sayyab na Iraƙi, ta kewaye baitocin da launi. Wanda ya taɓa ganin allon zayyana ba zai yi baƙunta a gabansu ba. Duk da haka duniya ta fi saninta da littafinta Sitt Marie Rose, kan yaƙin basasar Labanan, kuma sai a 2012, a bajekolin Documenta na Kassel a Jamus, tana da shekara 87, manyan gidaje suka farga da zanenta.

Haɗin na Amsterdam yana da hujja, domin Van Gogh shi ma ma'abocin alƙalami ne, ya bar wasiƙu fiye da 800, akasarinsu zuwa ga ƙanensa Theo, kuma dukansu biyu sun ɗauki launi a matsayin abin da ke isar da ma'ana da kansa. Sai dai ni a ganina an cika jingina ta da matattun gwanayen Turai: Paul Klee a Bern a 2018, Kandinsky a New York a 2021, shekarar da ta rasu, kamar dai darajarta ba ta tabbata sai da sa hannunsu. Abin da aka yi a Berlin a 2023 ya fi kusa da adalci, da aka haɗa ta da Simone Fattal, haifaffiyar Dimashƙa mai gina siffofi da yumɓu, wadda suka rayu tare shekaru masu yawa, wadda kuma ta kafa maɗaba'a a Kaliforniya a 1982 ta riƙa buga littattafanta da Turanci.