Tsarin Shafi a Mujallun Kiɗa na Ingila da Amurka

Mujallar kiɗa tana da wata wahala ta musamman, domin abin da take magana a kansa na kunne ne, ita kuwa takarda ba ta da murya. Saboda haka masu shirya ta suka jingina da ido, suka sa hoto da launi da siffar haruffa su tsaya a madadin sauti. Kamar yadda akan gane garin mutum daga karin harshensa tun bai faɗi sunansa ba, haka mai saye yakan gane irin kiɗan da mujalla ke so daga tsarinta tun bai karanta kalma ɗaya ba. Za a duba wannan al'amari ta fuska uku, watau bango, da takarda, da haruffa.

Labarin zuciya a tambayi fuska, fuskar mujalla kuwa ita ce bangonta. A kantin jaridu akan jera mujallu wata ta rufe gindin wata, shi ya sa ake ɗora suna a sama, a ƙarƙashinsa a sa hoton mawaƙi, galibi yana duban mai wucewa ido da ido. Rolling Stone, wadda Jann Wenner da Ralph Gleason suka kafa a San Francisco a 1967, ta buɗe fitowarta ta farko da hoton John Lennon. Ran 8 ga Disamba 1980 Annie Leibovitz ta ɗauki hoton Lennon da matarsa Yoko Ono, a daren nan kuwa aka harbe shi. Da mujallar ta sa hoton a bangonta a Janairu 1981, ba ta rubuta kome a kai ba sai sunanta, don ta san duk wani kanun labari zai rage masa nauyi ne. A 2005 ƙungiyar editocin mujallu ta Amurka ta zaɓe shi bango mafi kyau cikin shekara 40.

Ita ma takarda tana da abin da take faɗi. A Ingila, Melody Maker da aka kafa a 1926, da New Musical Express ta 1952, sun daɗe suna fitowa mako-mako a takardar jarida, da dogayen bayanai cikin ƙananan haruffa, har aka yi musu laƙabi da tawadar da ke maƙale wa yatsun mai karatu. Wannan tsari yana nuna wa samari masu son muhawara a kan fayafai cewa nan ne zaurensu. A 1978 Nick Logan, tsohon editan New Musical Express, ya fito da Smash Hits, ya nufi yara matasa. Ya sa takarda mai sheƙi da launuka masu haske, ya gajarta bayanai, ya buga baitocin waƙoƙin da ake yayi, ya kuma sa manyan hotuna waɗanda za a cire a liƙa a jikin ɗaki. Sau da yawa mawaƙi ɗaya ne a nan da can, amma tsari ya raba masu karatu gida biyu.

Sai kuma haruffa, inda kamancin tsari da harshe ya fi fitowa fili. Girman harafi tamkar ɗaga murya ne, farin fili tsakanin rubutu kuwa tamkar ɗan shirun da mai magana yake yi kafin ya faɗi abu mai nauyi. Sunan Rolling Stone, Rick Griffin ne ya fara zana shi, mai zanen takardun tallan wasan makaɗa a San Francisco, da haruffa masu lanƙwasa irin na samarin zamanin. Amma cikin shafi sai aka jera rubutu a natse, aka kewaye shi da layi biyu, mai kauri da siriri, irin na tsofaffin littattafai. Da wannan gami mujallar ta nuna ta matasa ce, ta kuma nemi a girmama kiɗansu kamar sauran fannonin ilmi. A London kuwa, Neville Brody, wanda ya riƙe tsarin The Face daga 1981 zuwa 1986, ya riƙa ƙirƙiro haruffa da hannunsa yana sauya su sannu a hankali daga fitowa zuwa fitowa, har masu karatu suka koyi gane kowane sashe daga siffarsa kaɗai.

Wannan dabara tana da iyaka, kuma David Carson na mujallar Ray Gun ya nuna inda take. A 1994 ya ga wata hira da mawaƙi Bryan Ferry ba ta da armashi, sai ya buga ta baki ɗaya da Zapf Dingbats, watau ƙananan alamomi irin taurari da kibau waɗanda ba sa karantuwa, aka maimaita ta da haruffan sosai a can bayan mujallar. Abin ya jawo ido ƙwarai, amma maimaicin nan shaida ne cewa mai karatu bai daina neman ma'ana ba.

Da intanet ta zo da sautin kansa, sai aikin wakiltar kunne ya kuɓuce wa takarda. Melody Maker ta shige cikin New Musical Express a 2000, Smash Hits ta rufe a 2006, New Musical Express kuma ta daina bugun mako-mako a 2018. Mujallar da ta wanzu a takarda bayan haka tilas ta zama abin da mutum zai so ya riƙe, ya duba, ya adana, wannan kuwa aikin mai tsara shafi ne fiye da kowa.