Babu Komai a Cikin Kakaki Sai Iska

Tun bayan Sallar da ta wuce wani ɗan bidiyo ke yawo a wayoyin samarin Giyawa. Mabushi ne a bayan dokin wani basarake, ya ɗaga kakaki sama, kumatu sun cika, jijiyar wuya ta fito raɗau. Bidiyon bai kai minti guda ba, amma gardamar da ya haifar a teburin mai shayi ta haura mako biyu. Wasu sun rantse akwai ɗan kara a ɓoye cikin bakin kakakin, irin na algaita, shi ne ke kuka. Wasu suka ce ƙarfin ƙirji ne zalla, aikin ƙato mai cin malmala uku. Wani dattijo kuma ya kashe maganar da cewa asirin gado ne, bare ko ya shekara yana hurawa ba zai ji ko tari ba.

Maganar asiri na bar wa masu ita. Ta ƙarfin ƙirjin ce ke ci mini rai, domin har 'yan boko na faɗinta, kuma ita ce ke mayar da gwanin sana'a tamkar zuga-zugin maƙera.

Karɓi kakaki ka zare shi gida biyu, yadda masu shi ke yi in za su rataya. Leƙa ta wannan baki, za ka hango rana ta wancan. Dogon bututu ne na tagulla ko na kwano, mita biyu zuwa uku, wani ma ya fi, ƙarshensa ya buɗe kamar mazurari. Babu kara, babu hujin ɗora yatsa irin na sarewa, babu maɓallan da muke gani a jikin ƙahon 'yan badujala. In ka hura masa iska kamar mai hura wuta, huci kawai za ka ji, ko da ƙirjinka ya kai na ɗan dambe. Abin da ke kuka leɓen mutum ne. Mabushi yana haɗe leɓɓansa cikin bakin kakakin, ya turo iska ta tsakaninsu, su riƙa buɗewa suna rufewa fiye da sau ɗari a sakan guda, kamar yadda yaro ke kwaikwayon babur da baki. Aikin da ɗan kara ke yi wa algaita, shi nama ke yi wa kakaki.

To, in leɓe ke kuka, me ya hana mabushi fitar da kowace murya ya ga dama? Nan ne wurin da ke buƙatar zama.

Duk karkarwar da leɓe ya yi, takan tura iskar cikin bututun ta tafi har ƙarshe ta dawo. Sauti na gudun kusan mita 340 a sakan. A kakaki mai mita biyu da rabi, zuwa da dawowa mita biyar ke nan, wato kai-komo kusan 70 a sakan. Bututun ba ya amsa wa leɓe sai in karkarwarsa ta dace da wannan kai-komo, ko ninkinsa biyu, ko uku, ko huɗu: 140, 210, 280, haka har sama. Dubi mai tura yaro a lilo. In ya tura daidai lokacin da lilon ya iso hannunsa, da yatsa biyu ma sai yaro ya yi sama. In ya tura a lokacin da bai dace ba, ko duk ƙarfinsa ya sa, tsayar da lilon zai yi. Ko dubi 'yan mata biyu riƙe da igiyar guga suna kaɗa ta. A hankali, igiyar ta yi ciki ɗaya. Su ƙara sauri, ta rabu ciki biyu, su ƙara, ta yi uku. Ciki ɗaya da rabi ba ya tsayawa, hargitsewa yake. Muryoyin kakaki tsani ne, ana taka wannan mataki ko wancan, amma ba a tsayawa a kan iskar da ke tsakaninsu. Mabushi ya matse leɓe ya ƙara wa iska kaifi, sai murya ta yi tsalle zuwa matakin sama. Ya sassauta, ta faɗo. Shi kuma tsawon bututu shi ke yanke inda matakan za su zauna. Matar da ke cika tulu ta san wannan tun kafin a rubuta shi a littafi: da kunne take gane ruwa ya kusa kai baki, domin iskar ciki na raguwa, kukan tulun na ƙara siranta. Abin da ya sa bubuzelar da ta cika mana kunne a gasar kofin duniya ta 2010 a Afirka ta Kudu ba ta da abin faɗi sai murya ɗaya ke nan, ba ta kai ko mita guda ba, matakinta na gaba ya yi wa leɓen ɗan kallo nisa.

Turawa ma sun daɗe a kan wannan tsani. Ƙahonsu na farauta ya kusa mita huɗu, sai dai sun nannaɗe shi kamar gammo don ya shiga hammata, suka ƙanƙanta bakinsa don a iya hawa can sama, inda matakan ke kusa da juna. Wajen 1750 wani mabushi a birnin Dresden na Jamus, Anton Hampel, ya shahara da cusa hannu cikin mazurarin don samo muryoyin tsakani. Da irin wannan ƙaho aka fara busa kiɗe-kiɗen ƙaho huɗu da Mozart ya tsara. Maɓalli bai samu rajista ba sai 1818, a hannun Heinrich Stölzel da Friedrich Blühmel, kuma duk aikinsa shi ne ƙara wa bututu tsawo cikin ƙiftawar ido. Begilar soja har gobe ba ta da shi.

Masu raina kakaki sukan ce murya biyu kawai gare shi. Gaskiya ne galibi a kan biyu yake yawo, ta ƙasa da ta sama. Amma Hausar da suke rainin da ita fa? Karin sama da karin ƙasa gare ta, sai faɗau da ke haɗa su. Faɗi "wuya" ta jiki, ka faɗi "wuya" ta wahala. Baƙaƙen ɗaya ne, ta farko daga sama take saukowa, ta biyu daga ƙasa take hawa. Kakaki magana yake yi. Yana ɗaukar hawa da saukar kalma da tsawon gaɓoɓinta ya jefa su nesa, wanda ya san take da kirari ya cike sauran da kunnensa. Ba waƙa aka ƙera shi ya rera ba, sanarwa ce cewa mai ƙasa ya fito.

Kuma tsohon aiki ne. Tarihin Kano ya lissafa kakaki da figini cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya fara. Shehu Usmanu a Kitabul Farƙ ya soki sarakunan Haɓe da shagala da kiɗe-kiɗe, ya bar ganga ga buƙata irin ta tara runduna. Duk da haka kakaki ya samu gurbi a fadodin daular da aka kafa, wadda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya riƙe daga ribaɗinsa na Wurno, nan kusa da mu, inda aka binne shi a 1837. Sara, wato kiɗa da busar daren Juma'a a ƙofar fada, tare da farai da ƙahon gwanki da tambari, ita ce makarantar da kunnen talaka ke koyon abin da kakaki ke cewa.

Wannan makaranta ce ke mutuwa, ba kayan busar ba. A gabashin Sakkwato 'yan bindiga sun rage mana zaman dare, wannan kowa ya sani. Amma ba su ne suka mayar da kakaki kayan hayar tarbar ɗan takara ba. Jami'an da ke kiran kansu masu raya al'adu sun iya ɗauko mabushi ya tsaya a rana don hoto, a sallame shi da kuɗin mota. Yaron da zai gaje shi, da maƙerin farin da zai liƙe bututun in ya tsage, ba sa cikin lissafin kowa. Mu kuma 'yan kallo mun ɗaga waya muna ɗauka, ana kiran sunan kakan basarake da tagulla, muna gardamar ko akwai kara a ciki.

Wanda bai gamsu ba ya sauka fadamar Rima wajen masu albasa, ya nemi siririn tiyon ban ruwa mita biyu. Ya haɗe leɓe ya yi kukan babur a bakinsa. Ran farko tusa kawai zai ji, yara su yi masa dariya. In ya jure 'yan kwanaki murya za ta kama, ya matse ta yi tsalle. Sannan ya yanke tiyon biyu ya sake gwadawa, ya ji yadda duk tsanin ya ɗaga sama. Sai dai ya fara biyan mai tiyon kafin ya zaro wuƙa.