Zanga-zangar Agustan 2024 a Bakin Jama'ar Masarautar Gumel

Zanga-zangar da aka kira daga 1 zuwa 10 ga Agustan 2024 don kawo ƙarshen mummunan shugabanci ta zo wa Masarautar Gumel ne a tsakiyar damina. A wannan lokaci rumbuna sun kusa ƙarewa, gero bai nuna ba, magidanci kuwa awo yake yi a kasuwa. Wannan ne ya sa sunan da ya fi kama bakin jama'a shi ne zanga-zangar yunwa ko ta tsadar rayuwa, alhali masu shirya ta sauyin tsarin mulki suka sa a gaba.

Ƙorafin yana da tushe. Janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira sun shafi ƙasa baki ɗaya, amma wannan yanki ya ɗauki ƙarin nauyi. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 an rufe iyaka har zuwa Maris 2024, lamarin da ya raunana kasuwar dabbobi ta Maigatari mai ci ranar Alhamis, wadda dillalai da direbobi da 'yan dako daga Gumel, Gagarawa da Sule Tankarkar ke ci daga gare ta.

Saboda haka saɓanin bai tsaya a kan ko ana shan wuya ba. A kan hanya ya tsaya. Malamai da dama da masu sarauta a Arewa sun yi gargaɗi da kalmar fitina, suka nemi a yi haƙuri da addu'a. Matasa da yawa, musamman a Facebook da TikTok, sun mayar da martani da kalmomin zalunci da haƙƙi. Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne, ɓangarorin biyu daga rumbun kalmomin addini guda suka ɗebo hujja. Kalmar talaka kuwa, wadda NEPU ta kaifafa tun 1950, ta sake samun kaifinta.

Da aka fasa rumbunan gwamnati, aka ƙona sakatariyar APC a Dutse, Gwamna Umar Namadi ya sa dokar hana fita, sai kalmar tarzoma ta danne ta lumana. Tausayi ya sake juyawa a ranar 1 ga Nuwamba, lokacin da aka ga wasu yara da aka tsare suna faɗuwa a kotun tarayya ta Abuja, har Shugaba Tinubu ya ba da umarnin sakin su bayan kwana uku.